Mai Allura da Ke Leƙe ta Saman Darni

A Ɗan Kassari na girma, a hannun kakata Dela, uwar mahaifina. Idan an gama kai hatsi rumbu, ɗari ya fara shigowa, aikinmu bayan tuwon magariba shi ne ɓarar gujiya. Kaka takan hura wuta da kara a tsakar gida, mu kewaye ta, ni da ƙanwata Hadiza da ƴaƴan maƙwabta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga hannun kowa cikin ƙwarya. Ni “maigida” take ce mini, irin wasan kaka da jika. “Maigida, in ci kakai ba ɓara ba, bakina ya kulle.” Sannan ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan tahe daga nesa, ku ba ta wuri.” Mu ce, “Mun ba ta.”

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta wani mai tallar allura. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya, sai mata da ƴaƴa biyar da ɗan gwangwanin allurai. Ba ya sallama a ƙofa kamar kowa. Sai mutane sun zauna cin abinci, an kai loma baki, kawai a ga kansa ya ɓullo ta saman darnin kara yana ihu, “Allura, allura!” A nan Kaka takan miƙa wuya ta zaro ido, Hadiza ta kife da dariya.

An watsa masa ruwan wanke-wanke, an sa masa karnuka. In an kore shi ta gabas, ya ɓullo ta yamma. Da abin ya ishi mutane, suka kai ƙararsa wurin maigari.

Kaka takan sauya murya ta ce, “Maigari yac ce mishi, ‘Kai, don mi kaka hana mutane cin abinci?’ Shi ko yac ce, ‘Ranka shi daɗe, kullum cikin garin ga akwai wanda rigatai ta kece. Gidan ne ban sani ba. Da na sani, can kaɗai za ni.’”

Maigari ya yanke hukunci: ya zauna gindin tsamiyar kasuwa, mai bukata ya same shi can. Ya zauna kwana uku. Duk wanda rigarsa ta kece sai ya ce gobe ya je. Ba wanda ya zo, tukunya ba ta hau murhu a gidansa ba. Rana ta huɗu, maigari na cikin shan fura, sai ga kan mutumin bisa darninsa. Maigari ya zabura da sanda, babbar rigarsa ta maƙale a kara, ta kece har gwiwa, ga baƙi suna jiransa a zaure. Ya tsaya yana huci, ya duba hagu da dama, ya rage murya ya ce, “Ba ni biyu.”

Mu dai mukan ce mutumin ba shi da kunya. Kaka ta ce, “Ku kun ci tuwonku kun ƙoshi. Ɗiyanai hwa? Ran da kowa ya bar saye, shi ma ya bar leƙe. Amma kullum sai an samu guda.”

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal a Dogon Dutsi, Kaka kuwa ta daɗe da rasuwa. Bara, ranar da sakamakon jarrabawar ɗiyata ya fito, na buɗe intanet a wayata don in duba. Ban kai ga sunanta ba wata talla ta faɗo ta rufe allon. Na nemi ɗan gicciyen nan na rufewa, yatsana ya goce, ta kai ni wani shafi na maganin ƙiba. Na dawo, wata ta sake faɗowa. Haka muka yi ta yi har megata, wato datar wayata, ta ƙare.

Na tafi shagon Hadiza don in ari wayarta. Mijinta ya rasu a haɗarin babur, ya bar ta da ƴaƴa huɗu da keken ɗinki. Na shiga ina ta faɗa, ina cewa masu sa waɗannan tallace-tallace ba su da tausayi. Ta saurara har na gaji, sannan ta ɗauke ƙafa daga keke.

“Yaya, ai ni ma ina cikinsu,” in ji ta. “Hotunan ɗinkina suna faɗo wa mutane haka.”

Na ce, “Kin san zaginki ake yi?”

“Na sani. Ni ma tsaki nake yi in ta faɗo mini. Amma teloli uku suka buɗe a layin nan, na yi wata biyu ina kallon ƙofa. Masu zagi ba na jin su. Wadda ta kira ni daga Tibiri, ta ba ni ɗinkin suna gaba ɗaya, ita na ji.”

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka ta dariya ce, ashe ta neman abinci ce. Har yau tallar nan tana ɓata mini rai, kuma ban yafe wa masu sayar da ƙarya ba. Sai dai na gane mai talla bai san wa ke bukata ba, shi ya sa yake damun kowa, kuma tsakin da muke yi ba ya isa gare shi, kiran mai saye kaɗai ke isa.

Hadiza ta buɗe shafin a wayarta. Nan ma talla ta faɗo, ta wani mai sayar da takalma. Na kai yatsa zan rufe, ta riƙe mini hannu.

“Bar shi ya gama, Yaya. Shi ma akwai masu jiransa a gida.”

Muka tsaya, ni da ita, muna kallon takalman da ba za mu saya ba, har suka kauce. A ƙarƙashinsu ga sunan ɗiyata, ta ci.