Jitar da Inna Ta Ƙi Sallamawa

Shekarun baya can, lokacin farin da ya share mana rumbuna a Dogarawa, na taɓa yin fushi da mahaifiyata saboda jita.

Ta yayana ce. Direba ne mai zuwa Ikko, daga can ya zo da ita, tsohuwa, ya ce kiɗanta irin na wani tsibiri ne wai shi Hawai. Ba a rungume ta a ƙirji. A cinya yake kwantar da ita, ya riƙa jan wani guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin, sai ka ji ta tana kuka kamar goge. Da ya rasu a hanya, Inna ta naɗe ta da zane ta ajiye.

Da hatsi ya ƙare, ita da kanta ta ce mu kai ta kasuwar Konni. Ni kuwa ina ji da kaina na iya ciniki.

Duk wanda ya ɗauka sai ya rungume ta, ya danna tsirkiya, ya yamutsa fuska. "Wagga ta lalace, wuyanta ya banƙare," in ji wani, ya taya kuɗin da ko akuya ba za su saya ba. Inna ta ce, "Albarka." Sai ga wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ce a falonsa zai rataye ta don ado, ya taya kuɗin da ban taɓa riƙe irinsu ba. Na buɗe baki zan sallama, Inna ta riga ni: "Albarka."

"Inna, mi za mu ci?" na ce mata a kunne. Ko kallona ba ta yi ba.

Can da la'asar wani Bayarabe bakanike ya tsaya. Ya zauna, ya kwantar da ita a cinya, ya ce, "Mama, ina ƙarfen?" Sai Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro shi ta miƙa masa. Ni ban ma san ta zo da shi ba. Yana ja, na ji kamar yayana ne zaune a zaure. Inna ta rufe fuska da gyale.

Mutumin bai ɓoye mana ba. Ya ce nisan da tsirkiyoyin suka yi da wuyan ba lahani ba ne, haka aka ƙera ta, kuma irinta tsufa ƙara musu daraja yake yi, don katakon ya bushe, murya ta zauna. A Ikko za ta yi tsada sosai, amma shi abin da ke hannunsa bai kai rabin na ɗan duwan ba.

"Na sallama," in ji Inna.

Har gida ban yi mata magana ba. Hatsin da muka auna da ƙyar ya kai mu damina, kuma na sha goranta mata.

Sai daga baya na lura duk ranar kasuwa tana samun dalilin zuwa Konni, ko da allura ce za ta saya. Wata rana na bi ta. Na tarar da ita zaune a kan tsohuwar taya bakin garejin bakaniken nan, shi yana kiɗa, ita tana gyaɗa kai.

Yau in na ji ana cewa irin waɗannan jita sun zama kayan masu kuɗi, na kan yi dariyar kaina. Ni kuɗin katako nake lissafi. Ita kuwa muryar ɗanta take nema wa gidan da ba za a rataye ta a bango ta yi shiru ba.