Kawu Bitrus da Injin Niƙan Oga Emeka

Ku da kuka yi sujada coci ɗaya da Kawu Bitrus kun san abin da ake tsoro ran Lahadi: fasto ya ce wani ya yi mana addu'a, Kawu ya riga kowa miƙewa. Shi dai ya ji an ce a ƙaunaci maƙiyi a yi masa addu'a, sai ya ɗauki abin da gaske, har da suna da unguwa da laifin mutum. "Ya Ubangiji, ka sa wa Audu mahauci na unguwar Yara albarka, wanda ya cika mini ƙunshin nama da ƙashi. Ka buɗe masa ido ya riƙa gane tsoka." Mu kuwa muna sunkuye muna cizon bakin zane. Fasto ya taɓa roƙonsa ya daina kama suna, Kawu ya ce Audu nawa ne a Keffi, so ake albarkar ta ɓace hanya?

Amma wanda ya fi kowa shan addu'ar nan shi ne Oga Emeka, maƙwabcinmu a Gangaren Tudu. Bayan samun 'yancin kai ya kafa injin niƙa jikin bangon ɗakin Kawu. Tun asuba injin zai kama ruri, ƙasa na zubo wa Kawu a kunu. In ya yi magana, Oga Emeka ya nuna kunne wai ba ya ji, ya ƙara wa injin wuta. Kawu ya hana a kai ko tsabar dawa wurin, Mama Saratu matarsa ta koma dutsen niƙa tana mita. Ran Lahadi kuma a roƙi Allah ya tsawaita ran Emeka, ya gajarta na injinsa.

Sai rikicin nan ya ɓarke gab da yaƙin basasa, mutanen Gabas suka bar gari da abin da hannu zai ɗauka. Oga Emeka ya tafi ko sallama babu. Ba a jima ba wasu suka fara zagaya rumfar injinsa, wai a kwance ƙarfen a sayar. Muka ce yau Kawu zai yanka kaza don murna. Ina! Ya tara ƙannensa aka ciccibi injin zuwa ɗakin kwanansa, sai da aka fasa bakin ƙofa kafin ya shiga. Mama Saratu ta ce ko ita ko ƙarfen nan. Kawu ya ce ita tana da ƙafa, ƙarfe ba shi da. Ba ta tafi ba, sai ta mayar da injin wurin rataye zannuwanta don haushi.

Duk shekarun yaƙin Kawu yana shafa wa injin baƙin mai kada ya yi tsatsa. Wani ɗan kasuwa ya zo da tayi mai tsoka, lokacin ko kananzir na gagarar mu, ya ce ai mai shi ya mutu. Kawu ya ce to a kawo masa gawar ya gani.

Bayan yaƙi, wata rana da la'asar, ga mutum tsaye a ƙofar gida, ya rame har ban gane shi ba. Oga Emeka ne, ba matarsa, ba ƙaramin ɗansa, yana kallon kangon rumfarsa. Kawu ya kama hannunsa ya ja shi ɗaki, ya kwashe zannuwan Mama. Bawan Allah nan ya durƙusa ya rungume injin yana kuka kamar yaro. Na ga idon Kawu ya cika, sai ya juya baya.

"Kwashe masifarka," in ji shi. "Kuma jikin bangona za ka mayar da ita. Kada ka kai wata unguwa inda ba su san halinka ba."

Da injin nan Oga Emeka ya sake tsayawa da ƙafafunsa, a gefenmu ya tsufa. Ni kam ina alfahari a ce ni 'yar ƙanwar mutumin nan ce. Ya Yesu, ka ba Kawu Bitrus hutu a wurinka, mu da ya bari kuma ka ba mu ko rabin zuciyarsa. Amin.