Baba Siraju da Layar Gidan Gudajje

Bayan sallar asuba Baba Siraju ba ya komawa barci. Yakan buɗe ƙaramin ɗakin da ke bakin zaurensa, ya sa hanci kafin ya sa ƙafa. Ya ce danshi da hanci ake fara kama shi. In rana ta fito sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jawo akwatunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya jera takardu, ya danne kowace da tsakuwa. Ba ya barin su su wuce rabin awa. Ranar Kwatano tana cin tawada. Iskar teku tana cin ƙarfe. Gara tana cin abin da ya rage. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan faɗa, kuma ba shi ke da rinjaye ba.

Sunansa Sirajuddeen Yalwa, shekarunsa saba'in da tara. Da can mai buga wa mutane wasiƙa ne da keken rubutu, a gindin wata bishiya kusa da gidan waya. Tsofaffin sojojin Faransi na nan Zongo wurinsa suke zuwa in za su rubuta wa biro, wato ofishin gwamnati. Kowa da ɗan littafinsa na soja a aljihu, naɗe a leda. Suka riƙa mutuwa ɗaya-ɗaya. Wata rana ya sayi gyaɗa a kasuwar Dantokpa, ya ga an ƙulla masa ita a shafin littafin wani sarzan soja da ya sani. Daga ranar ya fara tsince.

Bana ya ce ya ajiye aikin. Idanu sun ƙi. Ban iya yabo ba, kuma ba na son masu yi. Amma gidanmu ya ci moriyar idon nan kafin idon ya mutu, shi ya sa nake wannan rubutu.

Abin da ke ɗakin ba zai burge kowa ba. Littattafan soja da suka kumbura. Lambobin yaƙi da suka yi kore. Jar hula guda, asu ya cinye rabinta. Kan ɗamara, kwanon cin abinci mai lamba a gindi, hotunan samari da babu wanda ya san sunansu sai shi. Babu bindiga ko ɗaya. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Bindiga ba ta faɗin sunan kowa."

Taofik mai facin taya, wanda rumfarsa ke kallon zauren, yana wurin ranar da wani Bature ya zo da tafinta daga unguwar Gbégamey. Baturen yana yawon sayen sa hannun manyan hafsoshi na da. An gaya masa akwai wata takarda a nan mai sa hannun wani babba. Baba Siraju ya fito da ita, amma ya ɗora yatsa a ƙasan shafin, inda wani soja ya dangwala babban yatsansa.

Tafintan ya ce, "Baba, ba wannan yake nema ba. Wannan ai dangwale ne kawai."

Baba Siraju ya ce, "Gaya masa na saman ya sa hannu a biro, ya tafi ya ci abincin rana. Na ƙasan ya dangwala yatsa, bai dawo da hannun ba. Ni na san shi. Da hagu muke gaisawa."

Ya mayar da takardar akwati. Taofik ya ce tafintan bai fassara ba.

Babban aikinsa kuwa buhun masallaci ne. Kowa ya san al'adarmu. Takarda mai harafin Larabci ba a jefa ta a juji. Akwai buhu a lungun masallacin layinmu, duk wanda ya share ɗakin mamaci ya ga irinta sai ya kai can. In buhu ya cika a ƙone, a binne tokar a wuri mai tsarki. Al'ada ce mai kyau. Sai dai sojojinmu da ajami suke rubuto wa gida, kuma kowace wasiƙa da bisimilla take farawa. 'Ya'yansu da suka yi lakwal, makarantar boko, Faransanci suka iya. Waɗanda suka yi allo suna ganin layin farko sai su sumbaci takardar su ninke. Haka muka riƙa ƙona wasiƙun kakanninmu cikin ladabi.

Baba Siraju ne ya roƙi ladan, Malam Idrissou, kada a ƙone buhu sai ya duba. Aka yi surutu. Wasu suka ce yana wasa da ayoyi. Wasu suka sa masa Sojan Takarda, ba don girmamawa ba. Ya yi alwala, ya zauna, ya zazzage buhun. A shekarun nan ya fitar da wasiƙa sittin da 'yan kai. Nawa suka ƙone kafin ya fara, babu mai sani.

Yanzu gidanmu.

In ka hau zem, babur ɗin haya, a Kwatano ka ce a kai ka Gidan Gudajje a Zongo, da yawa za su kai ka ƙofarmu. A nan aka haife ni. Gudajjen shi ne Abdulƙahar, mahaifin kakata Iya Labiba. An ɗauke shi soja tana goye, aka kai shi yaƙin Andoshin, can gabas mai nisa. Bayan shekara biyu takarda ta zo daga biro da kalma ɗaya: disparu. Tafinta ya ce wa Ni'ima, matar Abdulƙahar, "Ya ɓace." Kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta zama "ya gudu". Wasu suka ƙara da cewa ya auri 'yar can, ya bar salla.

Bayan wata shida wani soja mai ɗingishi ya tsaya a ƙofar gida. Mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Ya ce "Abdulƙahar", ya miƙa wa Ni'ima ninkakkiyar takarda, ya wuce. Ta buɗe, ta ga bisimilla, iyakar abin da ta iya ganewa ke nan. Ta ɗauka addu'a ce mijinta ya aiko wa 'yarsa. Kunyar gari ta hana ta nuna wa malami. Ta kai wa baduku ya ɗinke ta ta zama laya, ta rataya wa yarinya. Tunda ya aiko, ai yana raye. Ba ta yi takaba ba. Ba ta ƙara aure ba. Shekara talatin da takwas tana share ɗakinsa, har ta rasu.

Mu kuma muka gaji sunan. A lakwal in ana wasan gudu sai a ce kada a sa ni, a jinina yake. Na yi faɗa a kan haka sau da yawa. Ban taɓa yin faɗan da zuciya ɗaya ba, don ni ma ban sani ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a wani taron suna, Baba Siraju ya lura fatar layar Iya ta tsage a kusurwa. Ya hango takarda mai shuɗin gida-gida, irin ta littafin soja. Malaman wancan zamani ba sa rubuta laya a kan irinta. Ya same ta ya gaya mata.

Ta ce, "Siraju, buhun masallaci bai ishe ka ba, sai wuyana?"

"Dubawa kawai zan yi, Labiba."

"In an buɗe laya ta mutu. Kai da ko bindigar wasan yara ba ka taɓa harbawa ba, ka dami mutane da soja."

Duk shekara sai ya tambaya, duk shekara sai ta kore shi. Daga baya ta gaya mini ba mutuwar layar take tsoro ba. In da gaske uban ne ya rubuta, to ya rayu bayan an ce ya ɓace, ya ga dama bai dawo ba. Gara ta mutu tana shakka da a tabbatar mata.

Bara, bayan damina, ya shigo gidanmu da la'asar yana dafa bango. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

Ya ce, "Labiba, idon dama ya tafi. Na hagu yana sallama. In ba bana ba, ban san wanda zai karanta miki rubutun soja ba."

Iya ta sunkuyar da kai, ta zare igiyar. Wurin da layar take kwanciya a ƙirjinta ya fi sauran jikinta haske.

Ta ce, "In ka ga abin kunya ne, kada ka rage mini. Ba yarinya ba ce ni."

Da reza ya yanke ɗinkin. Gumin shekara saba'in ya manne takardar ta zama kamar ɓawon itace. Bai ja ba. Ya riƙa kara ta a tururin butar shayi, ninki ɗaya da safe, ninki ɗaya da yamma. Kwana huɗu. A rana ta biyar ya aiko mu zo da hantsi, lokacin da haske ya fi ƙarfi.

Muna zaune a tabarmarsa, ni da Iya da Malam Idrissou. Ya kifa fuska a kan takardar, da tabarau da gilashin ƙara girma, har hancinsa na taɓa ta. Bakinsa na motsi, babu sauti.

Iya ta ce, "Addu'a ce ko ba addu'a ba ce?"

"Ba addu'a ba ce."

"Hannunsa ne?"

"Ba hannunsa ba ne."

Ya karanta. Na haddace, don na sa an maimaita mini har sau uku.

"Bisimillahi. Daga Sa'id ɗan Fadel, mutumin Jugu, zuwa ga iyalin Abdulƙahar na Zongon Kwatano. Gaisuwa da ta'aziyya. Ku sani ɗan'uwana Abdulƙahar ya rasu ranar Laraba a bakin wani kogi. Harsashi ya same shi a ciki. Bai cika nan take ba, ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena. Mu biyu muka haƙa masa da kwanon abinci. Babu likkafani, bargonsa muka sa. Babu Nasaran da ya gani, don haka ba za su rubuta muku ba. Ya ce a gaya wa Ni'ima kada ta jira."

A waje ana ta hon ɗin zem.

Iya ta kai hannu wuyanta, ba ta sami komai ba. Ta ce, "Kada ta jira." Ta sake faɗa. Sai ta ce, "Inna ta sha sumbatar layar nan. Kullum in za ta yi mini wanka."

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta ce wa Baba Siraju, "Da ka matsa mini tun farko." Ya ce, "Na matsa." Ta ce, "Ba ka matsa sosai ba." Ya karɓi laifin.

Ranar Juma'a liman ya karanta wasiƙar a ƙofar masallaci. Muka yi sadakar waina, aka yi wa Abdulƙahar addu'ar da ta makara da shekara saba'in. Waɗanda suka sa wa gidanmu suna duk sun mutu. Babu wanda ya rage da zai ji kunya. Ni'ima ma ba ta ji ba, kuma ba za ta ji ba.

Baba Siraju, kai ne ka yi alwala ka shiga shara. Kai ne ka jure a kira ka mahaukaci a layin da aka haife ka. Ba ka yi yaƙi ba, amma sojojin Zongo da suka dawo gida bayan mutuwarsu, ta hannunka suka dawo. Idon da ya rage maka, a kan mutumin da ba ka taɓa gani ba ka ƙarasa shi. Wasiƙar nan ita ce ta ƙarshe da ka iya karantawa. Na sani, kai ma ka sani, kuma ba ka taɓa faɗa wa Iya ba.

Mun gode. Kalmar ta yi kaɗan, ita nake da ita. Allah ya saka, ya haskaka maka inda ido ba ya aiki.

Ku kuma mutanen Zongo, ba na ce ku tara lambobin yaƙi ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kun share ɗakin tsoho kuka ga takarda mai bisimilla, ku karanta layi na biyu kafin ku kai buhu. In ba ku iya ba, ku nemi wanda ya iya. Akwatunan Baba Siraju suna nan, danshi bai yi ritaya ba, kuma buhun masallaci ya kusa cika. Malam Idrissou ya ce zai riƙe shi har ƙarshen wata. Bayan nan wuta.

Shekaranjiya wani ɗan zem ya tsaya a ƙofarmu da fasinja, ya tambayi Iya, "Mama, nan ne Gidan Gudajje?"

Tana zaune a kan kujerarta, wuyanta babu komai. Ta dube shi tun daga hula har taya.

Ta ce, "Babu gida mai wannan suna a layin nan. Nan gidan marigayi Abdulƙahar ne."

Ya juya babur ya tafi neman wancan.