Gurbi a Bakin Turmi

Jiya na ji ƙarar taɓarya daga maƙwabta, ita kaɗai ba mai amsa mata, sai Inna, mahaifiyata, ta faɗo mini a rai.

A gidanmu da ke wajen Kunci, idan an shigo da gero bayan girbi, mata uku ne ke hawa turmi ɗaya su yi lugude. Kowace takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba tare da ta karya kiɗan ba. Ba a kiran kowa da baki. Kakarmu, mahaifiyar Baba, takan ɗan janye ƙafarta ta hagu ne kawai, wadda aka kalla ta san an ba ta gurbi. Ka ga abin kamar ba komai ba, amma a nan ake sanin 'yar gida.

Inna Bamaguza ce, ta musulunta ta auri Baba. Daka kam ta fi su duka ƙarfi, kiɗan gidanmu ne ba ta taso da shi ba. Ba wadda ta taɓa gaya mata baƙar magana. Takan zo da taɓaryarta ta tsaya, kakarmu ta ci gaba da kallon cikin turmi, facalolin Inna su yi kamar ba su gan ta ba. Har yau abin yana ƙona mini rai.

Idan gida ya watse da hantsi, sai ta ja ni bayan rumbu, ta zuba ƙaiƙayi a tsohon turmi, mu yi ta bugawa. Tafin hannunta duk ya yi kanta. Takan ce, "Saurara da kyau, haka suke yi ko?" Shekara da shekaru muna haka, har ta fi kowa iyawa, amma ƙafar kakarmu ba ta motsa ba.

Inna ta rasu wajen haihuwa, damina ta yi nisa. Ranar sadakar uku ana dakan gumba, kakarmu ta ɗago ta dube ni, ta janye ƙafarta. Na shiga, ban kuskure bugu ko ɗaya ba.

"Ke kuwa wa ya koya miki?" in ji ta.

Na ce, "Inna."

Taɓaren suka tsaya cak.

Yanzu inji ke yin komai, turmin ma an kife shi ana zama a kai. 'Ya'yana ba su san lugude ba, ni kuma ban koya musu ba. Kiɗan yana hannuna har yau, amma wadda ta sha wahalarsa ba ta taɓa buga shi a gaban mutane ba.