Maccido Na-Surame da Saƙo Talatin da Ɗaya

A Illela in ka ce kana neman Maccido, sai an tambaye ka wanne, domin a bakin kasuwa kaɗai akwai guda biyar. In ka ce Na-Surame kuwa, ko mutanen Kwanni da ke tsallako iyaka su ci kasuwar Lahadi za su nuna maka ƙofar gidansa. Magini ne, haifaffen Amarawa, shekararsa sittin da huɗu, kuma aikinsa guda ɗaya tal: harsashin dutse. Ba ya ɗora bulo, ba ya yaɓe, ba ya rufi. Ya haƙa, ya jera dutse, ya cike, ya karkaɗe hannu, ya bar wa masu siminti sauran. Harsashi ɗari biyu da goma sha biyu ya kafa tsakanin Illela da Garu da Lafani, har yau damina ba ta kayar da ko ɗaya ba. Adadin ba ƙiyasi ba ne. Duk wanda ya gama sai ya jefa tsakuwa ɗaya a wani tsohon gwangwani da ke ƙarƙashin gadonsa.

Sunan kuwa daga Surame ya samo shi, tsohon birnin nan na zamanin Kanta da ya zama kufai, can wajen Binji, wanda ganuwarsa ta dutse ce. Kowa a gari ya san cewa Maccido ya je can yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya kwana uku yana nazarin ginin mutanen da. Shi ya sa mai son harsashin da jikokinsa za su gada ba ya tsayawa shawara. Har a jikin baronsa an rubuta Na-Surame da jan fenti.

Matsalar guda ce. Bai taɓa zuwa ba.

Abin da ya faru shi ne, mahaifinsa, shi ma magini, ya haɗa masa guzuri ya ce ya je ya ga aikin manya da idonsa. Maccido ya hau mota da niyya mai kyau. Da ya isa Sakkwato sai ya tuna cewa Raliya, yarinyar da ya gani a wani biki a Amarawa, a nan gidansu yake. Ya ce bari ya gaisa na minti goma. Kwana uku ya yi yana zarya a zauren gidansu cikin rigar aro. Ran dawowa ya sami wani tsoho a tasha ya tambaye shi yadda Surame take, tsohon ya ba shi abin da bai fi jimla huɗu ba. Da waɗannan jimloli ya fuskanci mahaifinsa, ya ce ganuwar kamu shida ce.

Raliya ta zama matarsa, mahaifin ya rasu, ganuwa kuma ta ci gaba da girma. Kusan duk shekara uku sai ta ƙara kamu ɗaya a majalisar da suke zama ƙarƙashin darbejiya bayan La'asar. Cikin shekara arba'in da biyu ta kai kamu ashirin, ta yi faɗin da mahaya uku za su jera a samanta, ta kuma sami wata ƙofa da sai mutum goma sha biyu ke tura ta.

A bana ne Alhaji Sahabi mai albasa, abokin wasansa tun suna yara, ya zo majalisa da albishir. Albasa ta yi kyau, ya ce, don haka ya ɗauki shatar bas mai kujera goma sha takwas, ran Talata za a kai 'yan majalisa su goma sha huɗu Surame, a je a dawo a yini.

"Ba mu neman ɗan rakiya," in ji shi, yana kallon Maccido. "Ga mai gari nan zaune. Shekara arba'in muna jin wagga ganuwa da kunne, bari ido shi samu rabonai."

Maccido ya ce madalla, muryarsa kamar ta wanda ya haɗiye ƙwallon goruba.

A gida Raliya ta saurare shi tana tsince shinkafa.

"Malam, ka hwaɗa musu gaskiya mana. Mi za su yi maka?"

"Mi za su yi? Su goge min baro. Wa zai ba maƙaryaci harsashin gidanai?"

"To ka ce ba ka da lahiya."

"Sahabi zai ɗage tahiyar. Na san shi, ko a kan katifa sai ya sa an ɗauke ni."

Sai dabara ta zo masa, irin wadda ɗan Illela kaɗai zai yi tunaninta. A garin nan mota ba ta fita wayam. Duk mai tafiya Sakkwato, sai an ɗora masa saƙo, kuma saƙo ba a ƙin sa, ba a kuma jefar da shi a tasha. Sai ka kai har gida, ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma, ka sha ruwa, a tambaye ka mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa masu wayo ke ɓoye ranar tafiyarsu ko ga maƙwabta. Maccido kuwa ran Lahadi ya shiga kasuwa tun daga kara, inda ake sayar da dabbobi, har layin 'yan atamfa yana shelar cewa jibi akwai bas, da kujera huɗu babu kowa.

Kafin daren Litinin ya tara saƙo talatin da ɗaya. Akwai buhun albasa biyu na wata amarya a Gwadabawa, da ragon suna na Kware, da katifar ɗalibi, da kwalin taliyar Kwanni guda shida, da cuku, da man shanu a galan, da keken ɗinki. Kowane mai saƙo ya sa an rubuta sunan mai karɓa da lambarsa a takarda. Maccido ya zauna ya buga lissafinsa. Kowane saƙo, a ƙalla minti goma sha biyar. Talatin da ɗaya sau goma sha biyar, awa bakwai ke nan da minti arba'in da biyar. A haɗa da awa uku na hanya. In an tashi ƙarfe bakwai, sai shida saura kwata a isa, kuma babu direban da zai shiga daji a wannan lokaci. Za a ci tuwo a Sakkwato a juyo gida, kowa ya ɗora laifin a kan saƙo. Ya yi barci mai daɗi.

Da safe Lawwali direba ya dubi tulin kayan, ya dubi Maccido.

"Baba, yawon buɗe ido za mu ko ƙaura?"

"Amana ce ta mutane, ɗana. Ka san ba a ƙi."

"Ba a ƙi," in ji Sahabi. Ya zaro waya daga aljihu. "Ba ni takardar sunayen."

Abin da Maccido ya manta ke nan. Shi rabonsa da kai saƙo tun zamanin da sai ka yi ta tambayar yara gidan wane. Kafin bas ta bar gari Sahabi da Lawwali sun raba lambobi, sun kira kowa sun ce ya fito bakin titi ya tsaya. A Gwadabawa mutum tara suka tarar a jere kamar masu jiran rigakafi. Aka miƙa buhu ta ƙofar baya, aka miƙa galan ta taga, aka yi gaisuwa mota na tafiya. Maccido ya leƙa yana cewa ai ya kamata a shiga a gaida tsohuwa, aka ce masa tsohuwar ce wannan da ta karɓi cukun. Saƙo talatin da ɗaya, minti hamsin da biyu kacal suka cinye. Wanda ya taimake shi a duk tafiyar ragon Kware ne, da ya tsinke igiya ya shiga gonar rake, aka yi minti goma sha takwas ana bin sa. Maccido ya yi masa addu'a a zuci.

Abin bai tsaya nan ba. Da kujeru suka sami sarari, uku daga cikin masu karɓar saƙon suka ji cewa Na-Surame ne da kansa zai yi ja-gora, suka miƙa wa iyalansu kayan suka haye. Ya fito da shaidu goma sha uku, ga shi yanzu da goma sha shida, har da ɗalibin nan mai katifa, wanda ya ce tarihi yake karantawa kuma ya zo da littafin rubutu.

Bayan sun bar Sakkwato sun kama hanyar Binji, sun sauka daga kwalta, sai ga mararraba. Lawwali ya taka birki.

"Baba, dama ko hagu?"

Hanyar dama ta sha tayoyi, ta hagu kuwa ta fi kama da turbar shanu. Maccido ya ga dama ta ƙarshe ta samu.

"Hagu," ya ce da ƙarfin zuciya.

Suka yi ta kutsawa cikin sabara, ƙaya na kartar jikin mota, Lawwali na tsaki. Maccido ya fara shirya jawabin yadda hanyoyi ke canzawa cikin shekara arba'in. Sai ɗalibin ya nuna gaba ya ce ga duwatsu can a jere. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma daidai.

"Kun gani?" in ji wani daga baya. "Ko hanyar bai mance ba."

Wani dattijo daga ƙauyen da ke kusa, Malam Attahiru, wanda ya saba zagayawa da baƙi, ya tare su ya kai su inda ginin ya fi tsayuwa. Ganuwa ce ta dutse, ta miƙe cikin itatuwa har ido ya gaji, wani wuri ta zube ta zama tudu, wani wuri ta tsaya cak. Babu ƙofar mutum goma sha biyu. Sahabi ya naɗe hannun riga, ya kafa gwiwar hannu a gindin ginin, ya shiga aunawa a bayyane.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Da taƙi guda." Ya juyo. "Na-Surame, ina sauran kamu goma sha shida? Ko su ma saƙo anka ba wani?"

Aka yi dariya, amma Maccido bai ji ba. Ya riga ya durƙusa. Manyan duwatsu a ƙasa, kowanne kwance a kan faffaɗan cikinsa. Ƙanana an cusa su a tsakani kamar haƙora. Can kuma ga wani dogo an gitta shi ya ɗaure gaba da baya. Haka mahaifinsa ya koya masa, haka ya yi sau ɗari biyu da goma sha biyu, bai taɓa sanin daga inda abin ya fito ba. Ya bi ginin da tafin hannu taku ashirin, ya tsaya.

"Nan magina biyu sunka haɗu," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Na wancan ɓangaren shina da haƙuri. Wanga kuwa sauri shikai, dubi yadda yab bar bakin dutse a kan bakin dutse, bai gitta ba. Shi ya sa nashi yaz zube."

Malam Attahiru ya matso ya duba. Ya ce shekara goma sha tara yana wuce wurin nan da baƙi, bai taɓa lura ba. Ɗalibi ya cika shafi biyu. Nan take Maccido ya ga ƙofar tsira a buɗe: ya ce zamani ne ya cinye sauran kamun, kowa zai yarda. Amma hannunsa na kan dutsen da wani ya jera tsakani da Allah shekaru ɗaruruwa da suka wuce, sai ya ji bakinsa ya ƙi.

"Jama'a," ya ce, "ban taɓa zuwa wurin ga ba. Yau ne farko."

Baƙin uku suka dubi juna. 'Yan majalisa suka dubi Sahabi. Sahabi ya sauke hannun rigarsa a hankali.

"Rigar shuɗiya ce," in ji shi, "ta yi maka yawa a kahwaɗa. Kana zaune zauren su Raliya kana murza hula. Ni ina yaron mota lokacin, saƙon daddawa anka ba ni in kai gidan da ke kallon nasu."

"Ka gan ni?"

"Kwana biyu a jere."

"Shekara arba'in da biyu, Sahabi, ba ka ce komi ba?"

"Da hwarko don tsohonka na da rai. Daga baya kuma ina son in ga inda ginin zai tsaya. Da kak kai ashirin nic ce a'a, wanga mutum zai taɓo hadari, gara mu kawo shi sunan shi zama halas."

"Su wa sunka sani?"

Hannu goma sha uku suka tashi, Lawwali ya ƙara nasa na goma sha huɗu. Wanda ya fi kowa tsufa a majalisar ya ce ai su ba don labari suka ba shi harsashin gidajensu ba, don ba ya faɗuwa ne, labarin kyauta ce ake haɗa musu da ita.

Sun yi awa biyu da kwata a Surame. Maccido ya auna ginin wuri bakwai, ya so ya mayar da wani dutse da ya gangaro, Malam Attahiru ya ce a bar shi yadda aka same shi. Suka yi Azahar a inuwar kuka, suka ci ƙosan da amaryar Gwadabawa ta ba su tukuici, suka iso Illela rana ba ta faɗi ba.

Baron na nan da jan fentinsa, gwangwani ya kai tsakuwa ɗari biyu da goma sha biyar. Abin da ya canza majalisa ce. In baƙo ya tambayi tsayin ganuwar Surame, Maccido kan ce kamu huɗu da taƙi ɗaya, ya kuma shiga bayanin dogon dutsen da ake gittawa. Baƙo ya yi hamma ya juya wajen Alhaji Sahabi, wanda yanzu shi ma ya je ya gani da idonsa. A makon farko kamu shida ya ce. Jiya da na wuce ya kai tara, Maccido na gefe yana ɗaga yatsu huɗu, babu mai kallonsa.