Uwar Hafizu Ta Maiduguri

Duk wanda ya taɓa kwana a layinmu na Gwange ya san ba ladan kaɗai ke tashin mutane ba. Da an sallame asuba, Ya Falmata, ko Ya kawai yadda muke kiranta, za ta fito tsakar gida da laffayarta a karkace, ta kife turmi ta zauna, ta yi gyaran murya sau biyu, ta ɗora waya a tafin hannu kamar mai miƙa faranti, sannan ta buɗe murya: "Hafizu, wushe, sannu! Ka tashi lafiya? Ka karya kuwa? Ka bar shan ruwan sanyi, jiya na ji muryarka ta shaƙe." Sai ta ajiye wayar ta shiga hura gawayi. Shekara da shekaru haka, ko ranar Salla ba ta fashi.

Baƙo in ya ji sai ya ce Allah sarki, ɗanta ne ke karatu a wani gari. Ina! Hafizu Kwalli ne, mawaƙin nan na Kano da 'yan mata ke ihu a kansa, wanda bai san da wata Falmata mai turaren wuta a Kasuwar Kwastam ba. Saƙon murya take tura masa a shafinsa, bai kuma taɓa amsa ko ɗaya ba. Ni Yagana, 'yar ƙanwarta, ni na buɗe mata shafin da hannuna, har gobe ina cizon yatsa.

Ku da kuka san ta kun san mafarin abin, amma bari in faɗa saboda waɗanda suka tare a unguwa daga baya. Ɗanta ɗaya ne a duniya, Modu, mai gyaran waya. A shekarun rikici ya fita wata safiya zai kai wa wani mutum wayarsa a Galtimari, ya ce a ajiye masa kunu. Shi ke nan. Ba gawa, ba labari. An zaga asibitoci, an zaga duk inda ake zagawa, ba wanda ya ce ga inda ya gan shi. Da aka daɗe, dangi suka ce a yi sadaka a haƙura. Ta ce duk wanda ya dafa shinkafar sadakar Modu, to ya shirya cinye abarsa shi kaɗai. Abin da ya bari a ɗaki 'yar rediyo ce mai kati, cike da waƙoƙin Hafizu na farko, tun ba a san shi ba. Modu yana guga yana bin su. Ta fara kunnawa don ɗakin ya daina yin shiru. Kafin mu ankara, Hafizu ya zama ɗan gida.

A rumfarta kuwa, in waƙarsa ta kama, to ciniki ya tsaya. Ko matar wane ce ke, sai ta ɗaga miki yatsa ɗaya, ki tsaya da jakarki a hannu har ya sauke baiti.

Ranar da ta fara ganin bidiyonsa a wayata, ta ƙura ido, ta matso da wayar har hanci.

"Gana, me ya sami wandonsa?"

"Ya, haka ake yayi. A yage ake sayensa."

"A yage? La'ilaha illallahu! Yaron nan ba shi da mai duba shi. Gwiwa biyu duk a waje, ga sauro!"

Washegari ta ja ni wurin tela da shadda fara ƙal da hular zanna. Tela ya ɗauko igiyar awo ya ce ina mai kayan. Ta ce yana Kano yana aiki. Ya ce to ina awo. Sai ta buɗe jaka ta fito da tsohuwar rigar Modu, a goge, a ninke, ta ɗora a kan keken ɗinki. "Ga awo. Ka ɗan ƙara a kafaɗa, yanzu ya yi jiki." Duk surutun telan nan, ranar bai ko yi mana tayin kujera da baki ba, da hannu ya nuna.

Sai maganar auren Hafizu. A kasuwa ta ji, a bakin wasu 'yan mata da suka zo sayen humra suna ta share hawaye wai an ƙwace musu shi. Ya Falmata ta fi su jin haushi, amma nata daban ne: ba a shawarce ta ba. Kwana uku cur tana fitowa ta zauna a kan turmi, ta kalli wayar, ta yi tsaki, ta mayar. Maƙwabta har leƙowa suka yi ko ba ta da lafiya. A rana ta huɗu ta yi gyaran murya: "Hafizu, na haƙura. Amma abin da ka yi ba tarbiyya ba ce. 'Yar gidan wa ce? Ta iya tuwo?"

Daga nan ta rufe rumfa mako guda ta haɗa wa amarya turare. Kun san hannun Ya Falmata. Sandal da hawi da farce, ta jiƙa, ta soya, ta rufe a kwalabe, unguwa gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshi. Wata Hajiya ta zo har gida ta yi roƙon duniya a sayar mata da kwalba ɗaya. Ya ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na surukata ne."

Muka kai tasha, da kwalabe da shaddar nan a kwali guda. Ta sa na rubuta a jiki: Hafizu mawaƙi, Kano. Direba ya karanta, ya juya kwalin ko akwai saura a baya.

"Ya, Kano fa ba Gwange ba ce. Wace unguwa?"

"Kai dai ka tambaya. Akwai wanda bai san shi ba?"

Bayan wata biyu muka je suna a Galtimari. Wata mata ta gifta mu, ƙamshi ya doke ni, na ce wallahi wannan turaren na san shi. Aka ce matar direban nan ce. Jinina ya hau, na miƙe zan yi mata wankin babban bargo a gaban mutane. Ya ta riƙe mini zane. Ita ma ta ji, hancinta ai ba ya kuskure. Ta sunkuyo ta ce, "Kin ga halin Hafizu ko? Kyauta! Har matar direba ya ɗibar wa."

Na yi dariya har da hawaye. Daga baya dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen.

To sai babbar rana. Wani attajiri ya ɗauko Hafizu ya zo ya yi wasa a bikin 'yarsa, a wani ɗakin taro a Galtimari, bayan la'asar. Ba a gayyace mu ba, ba mu ma san masu bikin ba. Ya Falmata ta ce ɗanta ba zai shigo gari ya ci abincin otal ba tana raye. Tun safe ta turara burabusko, ta yi miyar yakuwa da busasshen kifi, ta zuba a kula, ta ɗaure da sabon ɗankwali. Na ce ba zan je ba. Ta ce to ta tafi ita kaɗai. Yaya zan yi? Na ɗauki mayafi.

A ƙofa akwai wasu ƙarti biyu cikin baƙaƙen kaya, wuyan kowanne ya kai turmin gidanmu. 'Yan mata sun cika bakin titi da wayoyi a sama. Ya ta ratsa su da kularta.

"Mama, ina katinki?"

"Wane kati? Matsa, ni uwarsa ce."

"Uwarsa tana Kano."

"To ni ce ta Maiduguri."

Ana cikin haka motar Hafizu ta tsaya. Ya fito da baƙin gilashi da sarƙa a wuya, wuri ya kaure da ihu. Ban san lokacin da Ya ta sulale ta ƙarƙashin hannun ƙaton nan ba. Sai gani na yi ta cafke hannun rigar Hafizu. Ɗaya daga cikinsu ya fizge ta, kula ta faɗi, murfi ya yi nasa wuri, miyar yakuwa ta malale a kan siminti har kan takalmin Hafizu. Zan faɗi gaskiya ko da ba na son faɗa: yaron bai yi rashin kunya ba. Ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale ta, ya ɗan rusuna ya ce, "Mama, yi haƙuri. Hoto kike so?"

Ta dube shi sama da ƙasa. Ba ta ce ni ce Falmata ba. Ba ta ce ka ga saƙona ba. Ta ce, "Ka rame."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa kowa, suka shige da shi, aka rufe ƙofa. Ya ta durƙusa tana kwashe burabusko daga ƙasa da hannu tana mayarwa cikin kula, 'yan mata na ɗauka a waya suna ƙyalƙyala dariya.

A cikin keke mai ƙafa uku, a hanyar gida, na fashe. Allah ya yafe mini, na ɗaga mata murya, matar da ta goya ni.

"Ya, mutumin nan bai san ki ba! Bai san sunanki ba! Bai taɓa jin saƙonki ko ɗaya ba! Yana da uwarsa, yana da matarsa, ba ya buƙatar miyarki! Kin mai da kanki abin dariya a gari!"

Ta rungume kular a cinya tana kallon titi. Sai da muka kusa gida ta ce, "Amma kin ji ya ce mini Mama."

Bidiyon ya zaga gari. Kwana biyu bayan haka na duba wayarta na ga an yi bulokin ɗinta, saƙonta ba ya ƙara shiga. Ko shi ne, ko masu riƙe masa shafi, ban sani ba. Na so in zage su, sai na tuna yadda ta cafke masa riga. In da wata baƙuwa ce ta yi wa mijina haka a bakin titi, ni da kaina zan ture ta. Wannan ne ya fi ci mini rai: ba wanda zan kama da laifi. Ban gaya mata ba. Ta ci gaba da fitowa kan turmi kowace asuba tana tambayarsa ko ya karya, ni kuma ina ɗaki na toshe kunne da filo, don na san maganar ba ta wuce katangar gidanmu.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ita, daga ƙafa ya hau sama. Da ta kasa fita tsakar gida, a kwance take turawa, muryar ta zama siririya. Wata safiya ina ba ta kunu na ga yadda ta zube, zuciyata ta karye, na ce bari in yi mata ƙarya ɗaya ta alheri.

"Ya, albishirinki. Hafizu ya amsa. Ya ce yana gaishe ki, Allah ya ba ki lafiya."

Ta daina haɗiya. Ta dube ni da idon nan nata na gane jabun turare.

"Gana, ba ki iya ƙarya ba, ki bari. Na san sun rufe ni tun ranar miya."

Na ajiye cokalin. Na ce to me ya sa take ta turawa.

"Kina tsammani na haukace ko? Ni na haifi Modu. Zan manta fuskar ɗana? Na san wannan ba shi ba ne, ɗan wata ne." Ta numfasa. "Amma shi wannan, in na tashi da safe na san garin da ya kwana. Na san yana da rai. In ya rame ina gani. Ki bar ni in tambayi wani ko ya karya."

Na ture kwanon kunun gefe. Na ɗauko wayar na sa mata a tafin hannu.

Kwana tara bayan nan ta rasu, da hantsi, ranar Laraba. Bayan sadakar uku zuciya ta ci ni, na rubuta wa Hafizu daga nawa shafin. Na ce matar da ta kawo maka abinci a Maiduguri ta rasu, sunanta Falmata, ka yi mata addu'a. Jama'a, a karon farko amsa ta zo, nan take ma: "Muna godiya da ƙauna! Sabuwar waƙa na fitowa ranar Juma'a, a taya mu yaɗawa." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki kamar taɓaɓɓiya. Da tana nan, cewa za ta yi in yaɗa mana, yaro yana neman na kansa.

Turmin yana nan a kife inda ta bar shi, ba wanda ya iya tayar da shi. Asuba a layinmu yanzu shiru ne, kuma wallahi na fi son hayaniyar.

Allah ka jiƙan Ya Falmata, ka yafe mata, ka sa kabarinta ya fi turarenta ƙamshi, ka yafe mini muryar da na ɗaga mata a cikin keke. Modu kuma, har yau ban san addu'ar da zan yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci. Kai ka san inda ya kwana. Ka haɗa shi da uwarsa, ta tambaye shi ko ya karya, ya amsa mata. Amin.