Takalma Goma Sha Bakwai da Shafi na Huɗu

Babanmu maɗinkin takalmi ne, shekara talatin a rumfa ɗaya, tsakanin mai gyaran rediyo da mai aski. Ba ya faɗa da kowa, amma kada ka kuskura ka taɓa masa sana'a. Yayana kuwa, wanda unguwa ke kira Falwaya saboda tsayi, tun yana ɗan shekara tara ƙafarsa ta fi ƙarfin kasuwa. Baba ne ke ɗinka masa, duk wata huɗu sabo, don ƙafar ba ta jiran kowa. Waɗanda suka matse sai Baba ya rataye su a ƙusa a gaban rumfa, har suka kai ƙafa goma sha bakwai. Su ne tallarsa. Duk wanda ya tsaya ciniki sai ya nuna masa su da basilla ya ce, "Yaron da ke tsalle safe da yamma ne ya sa waɗannan. Ka ga sun cinye?"

Falwaya ya zama gwanin ƙwallon kwando, har aka buga tarihinsa a irin ƙananan littattafan nan na yara masu hotuna. Ni na kawo wa Baba kwafi da murnata, kuma har yau ina da-na-sani. A shafi na huɗu an rubuta: "Har ya kai shekara goma sha biyar ba takalmi yake wasa." An kuma zana wani tsoho ya yi tagumi a bakin ƙofa, wai shi ne uban.

Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Wane ne wannan?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

"Ni? Yaushe na taɓa yin tagumi? Da wane hannun? Duka biyun aiki suke."

Mai aski ne ya fara tsiya, wai ashe ɗan mai takalmi da ƙafar Allah ya tashi. Kafin mako ya zagayo, yaran unguwa duk sun tuɓe takalma suna bin ƙwallo a kan tsakuwa, kowa na son ya zama Falwaya. Iyaye suka riƙa zuwa rumfa da yara masu ɗingishi, suna zagin Baba kamar shi ya rubuta littafin. Masu kawo ɗinki suka ja baya. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ni ma haka.

Sai ya sayi jan biro. Kullum bayan azahar ya rufe rumfa, ya zuba takalman nan a buhu, ya bi shagunan littattafai. Ya buɗe shafi na huɗu ya ja layi ya rubuta "Ƙarya ne" a gefe, ya sa hannu. Shago uku suka kore shi. A ɗakin karatu na wata makaranta ya jera takalman a kan tebur daga ƙarami zuwa babba, ya yi wa 'yan aji uku jawabi na awa guda kan fatar saniya. Malamar ta ɗauka hukuma ce ta turo shi, har ta ba shi kujera. Da ya je wurin marubucin, mutumin ya rantse cewa daga bakin Falwaya ya ji. Baba ya ce masa ko dai kunnensa ne ke buƙatar gyara.

Da Yaya ya zo hutu, ko ruwa bai sha ba Baba ya juye masa buhun a gabansa. "Faɗa wa ƙanwarka, waɗannan na wane ne?"

"Nawa ne, Baba."

"To me ya sa aka ce ba ka da takalmi?"

Yaya ya sunkuyar da kai, wanda ga mai tsayi irin nasa tafiya ce mai nisa. Ya ce, "Ban ce ba ni da su ba. Cewa na yi ba na wasa da su. In na isa fili sai in tuɓe in ɓoye a bayan tankin ruwa."

"Don me? Sun matse ka?"

"A'a. Duk lokacin da ka sayo fatar da za ka ɗinka naka, ƙafata sai ta ƙaru, ka yanka mini ita. Shekara shida kana yawo da kwali a cikin takalminka. Na ɗauka in ban cinye nawa ba, za ka huta."

Baba ya ɗauki ɗaya ya kifa, ya ɗauki wani ya kifa. Ƙasansu fes, ko ƙarzuwa babu. Shekara da shekaru yana cika baki da ƙarkon takalman da ba a taɓa gudu da su ba. Wallahi na ji tausayinsa. Ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora kunci a tafin hannu, sak tsohon da ke cikin hoton, kuma ba wanda ya iya faɗa masa.

Washegari ya ɗauki jan bironsa, bai ɗauki buhun ba. Ya koma shagunan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka kore shi. A kowane kwafi ya soke "Ƙarya ne", ya rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: "Yana da su. Bai sa ba ne."